Talata, 6 ga Nuwamba, 2012

Yau aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, kuma kafin ƙarfe goma sha biyu na dare gidajen talabijin sun bayyana cewa Barack Obama ya kayar da Mitt Romney, bayan da Ohio, jihar da nake zaune a cikinta, ta faɗa hannunsa da wakilanta 18 masu zaɓen shugaban ƙasa. Ni ba ni da ƙuri'a, domin takardar izinin zama kawai gare ni, amma na wuni da zaɓen nan a raina, saboda a matsayina na ma'aikaciyar jinya a sashen gaggawa na san cewa makomar dokar inshorar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta rataya ne a kan sakamakonsa. Romney ya yi alkawarin soke ta idan ya ci, duk da cewa shi da kansa ya sa wa wata doka mai kama da ita hannu a 2006, lokacin da yake gwamnan Massachusetts.

Da hantsi aka kawo mana wani mutum mai kimanin shekara hamsin da gyambo a ƙafa. Yana da ciwon suga, kuma ya daɗe da sanin haka, amma tun da kamfanin da yake wa aiki ya sallame shi inshorarsa ta tafi tare da aikin, sai ya shiga rage alluran da yake yi wa kansa don kwalba ɗaya ta yi masa kwanaki. A nan yawancin masu aiki ta hannun mai ba su aiki suke samun inshora, al'adar da ta kafu tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta ƙayyade albashi, kamfanoni kuma suka koma jan ma'aikata da alkawarin biya musu kuɗin asibiti. Wanda ya kai shekara 65 yana da Medicare, shirin inshorar gwamnati na tsofaffi wanda aka kafa a 1965, wasu daga cikin matalauta kuma suna da wani shirin gwamnatin mai suna Medicaid, amma wannan bawan Allah bai tsufa ba, ba shi da ƙananan yara, don haka bai shiga ko ɗaya ba. Yana cikin mutum fiye da miliyan 48 da ba su da inshora a ƙasar nan. Mun karɓe shi, domin dokar 1986 da Ronald Reagan ya sa wa hannu ta hana sashen gaggawa korar mara lafiya saboda rashin kuɗi, sai dai likita ya ce da wuya yatsun ƙafar su tsira.

Lokacin cin abincin rana na zauna da wata abokiyar aikina da ta kaɗa ƙuri'arta tun da sassafe, kuma ba ta ɓoye mini cewa Romney ta zaɓa ba. Ina ganin girmanta ƙwarai, domin ban san wanda ya fi ta tausayin marasa lafiya a sashenmu ba, kuma a ƙarshen mako tana aikin sa-kai a wani ƙaramin asibitin kyauta da cocinsu ke tallafa wa. Hujjarta ita ce taimakon mara ƙarfi nauyi ne a kan iyali da maƙwabta da majami'a, kuma ranar da gwamnati ta karɓe shi, mutane za su daina jin cewa ya rataya a wuyansu. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne sashen dokar da zai tilasta wa kowa sayen inshora daga 2014 ko ya biya tara. Ta ce idan gwamnati ta iya tilasta wa mutum sayen wannan, ba ta ga inda ikonta zai tsaya ba. Mijinta kuma yana da ƙaramin kamfani, yana tsoron ma'aikatansa su kai hamsin, domin daga nan ne doka za ta wajabta masa yi musu inshora. Ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, don a bara kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe a Ohio suka amince da gyaran tsarin mulkin jiha mai adawa da wannan tilas.

Na saurare ta da kyau, saboda tsarin da take yabo shi ne wanda na tashi a cikinsa. A gida, idan ciwo ya kama mutum, dangi ne ke haɗa kuɗi, a sayar da tunkiya ko a jinginar da gona, a kai sanarwa masallaci bayan sallah, kuma na ga alherin da ke cikin hakan da idona. Amma na kuma ga iyakarsa. Zumunci yana iya biyan kuɗin zazzaɓin cizon sauro ko na haihuwa, amma wankin ƙoda duk mako yana cinye dukiyar gida kakaf cikin 'yan watanni, daga nan sai kunya ta sa mara lafiyan ya ce ya ji sauƙi don a daina wahala dominsa. Na gaya mata cewa mutumin da muka karɓa da safe yana da 'yan'uwa kuma yana da coci, amma bai iya zuwa yana roƙonsu kuɗin allura kowane wata ba, kuma kuɗin aikin da za a yi masa, wanda ya ninka na alluran sau da yawa, a ƙarshe asibiti zai ɗora shi a kan masu inshora irinta. Tun da ƙasar ta riga ta yarda ba za a bar mutum ya mutu a ƙofar asibiti ba, to ana biya ko ana so ko ba a so, kuma ni na fi son a biya tun ƙafa tana da lafiya. Haka kuma ba zai yiwu a hana kamfanonin inshora ƙin masu tsohon ciwo ba, matuƙar masu lafiya za su iya jira sai sun kwanta kafin su saya, wanda shi ne dalilin tilas ɗin. Ta ce ta fahimci lissafin, amma ba ta amince da mai riƙe da asusun ba. A nan muka tsaya, kowa ya koma bakin aikinsa.

Wajen tsakar dare Yaya ya kira daga Kano, ya dawo daga sallar asuba ya ji labari a rediyo. Da na ba shi labarin hirar da muka yi da abokiyar aikina sai ya yi shiru, sannan ya ce, “Wato gwamnati ce ke son ta taimaka musu da magani su kuma suna ƙi? Mu da muke nema ba mu samu ba?” Na ce, “Yaya, su tsoronsu kada gwamnati ta yi ƙarfi ta shiga musu gida, mu kuma kukanmu ba ma ganinta sai lokacin zaɓe.” Ya tuna mini cewa a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma Najeriya ba ta kusanci hakan ba, sannan shirin inshorar ƙasa da aka ƙaddamar a 2005 bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya da kaɗan ba.

Nasarar yau ta tsare dokar daga sokewa, amma ba ta kammala maganar ba. Majalisar Wakilai tana nan a hannun 'yan Rifablikan, jam'iyyar Romney, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 28 ga Yuni, wanda ya tabbatar da tilas ɗin da alƙalai biyar a kan huɗu, ya bar wa kowace jiha zaɓin faɗaɗa Medicaid kamar yadda dokar ta tanada ko ƙin yin hakan. Mara lafiyanmu na yau ta wannan faɗaɗawar ce kawai zai samu shiga, saboda haka maganarsa ta koma hannun Gwamna John Kasich da majalisar jiha, kuma ko sun amince sai Janairun 2014 za ta fara aiki. Gobe da safe zan nemi jami'ar jin daɗin marasa lafiya ta asibitinmu, mu ga inda za a samo masa allura kafin lokacin.