Wa ke riƙe da jakar magani?

Yau shekarata huɗu ina aiki a wani ɗan ofishi da ke jikin asibitin sojoji, a wani bariki a kudancin ƙasar Amurka. Aikina shi ne in zauna da iyalan soja in warware musu abin da ya shige musu duhu game da inshorar lafiyarsu, wadda ake kira TRICARE. Kafin in sami wannan aiki ni ma na ɗaure kaya har sau uku ina bin maigida daga wannan jiha zuwa waccan, saboda haka ranar da na fara zama a bayan teburin ina ganin na san kan abin. Ashe rabinsa kawai na sani.

Sojan Amurka ba ya daɗewa wuri ɗaya. Shekara biyu ko uku sai takardar taransifa ta fito, kuma yawanci tsakanin Mayu da Agusta ake tashi, lokacin da yara ke dogon hutu. A waɗannan watanni ƙafa ba ta ɗaukewa a ofishinmu, kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake shigowa: in mun tashi, inshorarmu za ta yanke? Amsar ita ce ba za ta yanke ba. Shirin na kula da mutum fiye da miliyan 9, kuma muddin sunan mutum yana cikin rajistar ma'aikatar tsaro da ake kira DEERS, haƙƙinsa na bin sojan duk inda aka kai shi. Na yi kusan wata shida ina ba da wannan amsa, mutane na godiya suna fita, ni kuma ina jin na sauke nauyi.

Sai wata ranar Talata wata mata ta shigo da yaro ɗan shekara bakwai. Ta dubi sunan da ke maƙale a ƙirjina, ta ɗan yi jim, sannan ta yi mini sallama da Hausa. 'Yar Zangon Kumasi ce, mijinta ƙaramin soja, watansu biyu da zuwa daga jihar Washington. Yaron yana da asma, kuma a can yana da ƙwararren likitan da ke duba shi. Da suka iso, abin shaƙarsa ya kusa ƙarewa, tarin dare ya dawo, maigidan kuma an riga an tafi da su atisaye. Ta nemi likitan huhu a cikin gari ta kai shi. An duba shi, an yi gwaje-gwaje, bayan makonni sai ga takardar biyan kuɗi. Ta ajiye ta a gabana ta ce, "Yaya, ai an ce mana inshorar ba ta yankewa."

Maganar da nake ta faɗa wa mutane ce ta dawo mini. Kuma wanda ya gaya mata bai yi ƙarya ba, inshorarta na nan daram. Sai dai suna cikin Prime, ɗaya daga cikin tsare-tsaren TRICARE, wanda a cikinsa kowa ke da likitan farko, shi ne ke rubuta takardar turawa kafin a ga ƙwararre. Iyalin sojan da ke bakin aiki ba sa biyan komai in sun bi ta wannan ƙofa. Wanda ya tsallake ta ya je wurin ƙwararre da kansa, sai ya fara biyan dala 300 daga aljihunsa, ko 600 in na iyali ne, sannan rabin abin da ya rage. Ita ba ta ma san cewa ba su da likitan farko a nan ba, don ba wanda ya dawo da rajistarsu ta Prime wannan yanki. Mijin ya gyara adireshi a DEERS ya ɗauka shi ke nan. Gyaran adireshi daban, mayar da rajista daban, kuma har gobe wannan ne ramin da na fi ganin mutane na faɗawa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na gane cewa tambayar da ake yi mini ba ita ce ainihin damuwar ba. Uwa ba katin inshora ke gabanta ba. So take ta san wa zai duba ɗanta ranar da numfashinsa ya sarƙe a garin da ba ta san kowa ba. Abin da ke tsinkewa a ƙaura shi ne zaren jinya: likitan da ya san yaron, takardar turawa, maganin wata-wata, ranar awo. Tun daga lokacin na daina tsayawa a kan "ba za ta yanke ba".

Yanzu in aka shigo da takardar taransifa, abin da nake fara tambaya shi ne, "Wa ke riƙe da jakar magani a gidanku?" Dalili kuwa, sojan ne ake tarawa a yi masa bayanin tashi, a cika masa hannu da takardu, ya watsa su a bayan mota. Wadda ta san sunan kowane magani da ranar da zai ƙare tana gida ba ta ji komai ba. Sai in ce ya zo da ita, ko ya kira ta a waya muna zaune. A wurin mutanenmu na Afirka ta Yamma abin ya fi tsanani, don an tashe mu a kan cewa harkar takarda da hukuma ta maigida ce. Ban raina wannan tarbiyya ba, a cikinta na girma. Amma maigidan nan ana iya ɗauke shi wata guda ba waya, ciwo kuma ba ya jiran ya dawo. Matar soja tana da katin shaidarta, tana iya kiran kamfanin da ke gudanar da inshorar a yankinsu da kanta, ta gyara adireshi, ta zaɓi likita. Inda dole sai da sa hannun sojan, kamar saka jariri a rajista, takardar wakilci na iya tsaya mata, kuma gara a yi ta tun yana gida. Jariri kwana 90 ake ba shi a cikin Amurka, 120 a ƙasashen waje.

Maganar yanki tana bukatar ɗan bayani. Tun 1 ga Janairun 2018 aka raba ƙasar gida biyu, Gabas da Yamma, kowanne da kamfanin da ke gudanar da shi: Humana Military a Gabas, TriWest a Yamma tun farkon 2025. A wannan rana ta farkon 2025 aka cire jihohi shida daga Gabas aka mayar Yamma, wato Texas, Oklahoma, Louisiana, Arkansas, Illinois da Wisconsin, har waɗanda ba su ɗaga ko tukunya ba suka wayi gari sun yi ƙaura a takarda. Abin da nake nanata wa mai tashi shi ne kada ya soke rajistarsa kafin ya bar gari. Tsohuwar ce ke rufe shi a hanya. In abin gaggawa ya faru, asibiti mafi kusa za a nufa ba tare da neman izinin kowa ba, kuma akwai layin nas-nas da ake samu dare da rana. Sai an sauka a mayar da rajistar. Ƙaura tana buɗe ƙofar kwana 90 da iyali za su iya sauya tsari, misali su koma Select, inda ake zuwa wurin yawancin ƙwararru ba takardar turawa amma ana biyan wani kaso. In ƙofar ta rufe, sai dai a jira lokacin sauyi na shekara, daga Nuwamba zuwa Disamba. Na haƙori shiri ne daban, yana bin mutum, sabon likita kawai zai nema.

Akwai abin da ba a takarda na koya ba, a bakin mata na ji shi: kada magani ya shiga motar kaya. Motar na iya yin makonni kafin ta iso. Magani, katin rigakafin yara da makaranta za ta nema, da kwafin bayanan jinya, duk a jakar hannu. Asibitocin soja yanzu suna kan rumbun bayanai ɗaya, MHS GENESIS, wanda aka gama shimfiɗawa a 2024, kuma ya rage wahala sosai. Amma abin da likitan cikin gari ya rubuta ba lallai ya shiga ciki ba, sai an je an roƙi kwafi, kuma a fara nema tun saura wata guda.

Wurin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yara masu bukata ta musamman. Akwai shirin EFMP da doka ta wajabta wa soja ya saka iyalinsa in wani yana da ciwo mai daɗewa ko nakasa, don a duba ko inda za a tura shi akwai masu kula da irin wannan. Na ga iyaye da ke ɓoyewa. Uban na tsoron kada abin ya tare masa ƙarin girma, uwar kuma tana jin nauyin a rubuta a takardar hukuma cewa ɗanta yana da galahanga. Na san wannan nauyin, mu mutane ne masu rufa wa gida asiri. Amma na ga ƙarshen ɓoyon: a kai iyali ƙaramin gari, likitan da yaron ke bukata yana tafiyar awa uku, ko a hana su bin sojan zuwa Jamus ko Koriya bayan an gama ɗaure kaya, saboda binciken lafiyar da ake yi kafin fita ya tono abin. Kuma ko wanda ya bi ƙa'ida bai tsira gaba ɗaya ba. A rubuce, kwana 28 ne iyakar jiran ganin ƙwararre, amma yaron da ke karɓar horon magana ko na ɗabi'a yakan koma ƙarshen layi duk garin da aka sauka. Wata uku ba horo a rayuwar ɗan shekara huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ba sakacin iyaye ba ne, kuma ba ni da maganinsa a teburina. Iyakar abin da nake yi shi ne in sa a fara kiran sabon wurin tun kafin a tashi, a shiga layi da wuri.

Bara waccan ƙanwar tawa ta Kumasi ta sake shigowa, saura mako shida su tashi zuwa Colorado. Wannan karon ita kaɗai ta zo, da wata shuɗiyar jaka a kafaɗa. Ta zazzage ta a kan tebur: abin shaƙa guda biyu, maganin wata uku, katin rigakafi, da bayanan likitan huhu a cikin leda. Ta ce, "Yaya, ba ni lambar mutanen Yamma, ni zan kira." Na tura mata wayar ofis. Ta gyara zaman mayafinta, ta karanto lambar katinta ba tare da ta duba ba, ta fara tambaya ko akwai likitan asma na yara kusa da sabon barikin.