Rahamar da Turawa ke kira ƙarama

A watan Afrilun 2020 na fara jin maganar nan ta Turawa, "small mercies", ina aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila. Tun 23 ga Maris aka kulle ƙasar saboda korona, an hana 'yan uwa zuwa dubiya, mu kuma muna kwana a tsaye cikin takunkumi da rigar leda. A wani dare mutum biyu suka rasu a sashenmu kafin asuba. Shugabarmu, wata dattijuwar Baturiya da ta kusa ritaya, ta tsaya kan wani tsoho da muka kwantar rub da ciki don huhunsa ya samu sarari. Ta ga iskar oksijin da ke jininsa ta hau daga kashi 86 zuwa 91 cikin ɗari. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce: "Small mercies."

Cikakkiyar maganar ita ce "be thankful for small mercies", wato ka gode wa 'yar rahamar da ta samu a tsakiyar wahala. Amurkawa sun fi cewa "small favors".

Raina bai so ta ba. A gidan da na tashi ba a kiran rahama ƙarama, don ta Allah ce, kuma wanda ya raina kaɗan ba a sa ran ya gode wa mai yawa. Na ɗauka raini ne irin na wanda aka ba kyauta yana yatsina.

Sai da na yi makonni a gefenta na gane ban fahimce ta ba. Ba ta taɓa faɗin maganar haka kawai. Kullum akwai abin da take nunawa: kwalin safar hannu ya iso, zazzaɓin wance ya sauka, wayar da muka kara wa majiyyaci a kunne ba ta katse ba har 'yarsa ta gama yi masa ban kwana. Ba ta cewa komai lafiya, domin ba lafiya ba. Mu ma muna da irinta. In mota ta kife aka fita da karaya, mukan ce abin ya zo da sauƙi, Allah ya taƙaita. Amma ni a lokacin Alhamdulillahi ta zame min ta fatar baki, ina faɗa ba tare da na duba abin da nake godewa a kai ba, kuma wannan ya fi damuna.

Azumi ya kama a ƙarshen watan, muna kai kusan awa 17. Ran nan bayan na sha ruwa da dabino uku a ɗakin hutu, Hajiya ta kira daga Zariya.

"Ya aikin?"

Na ce, "Alhamdulillahi, Hajiya. Tsohon nan da na ce ki sa a addu'a, yau da hannunsa ya riƙe kofin shayi."

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta tambaye ni ko ya shanye.