Asabar: ambulan da ta faɗo daga aljihun ɗan Yaya

Na so in kwanta tun bayan sallar isha'i, amma tambayar da ɗan Yaya ya yi mini da rana ta hana ni sakat, don haka na tashi na kunna fitila na zauna in rubuta abin da ya gudana tsakaninmu, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Ya iso gidan wajen ƙarfe biyu, daga wani taron manema labarai da aka yi a wani otal na cikin gari. Jakarsa na rataye a kafaɗa, ƙaramar rikodarsa na hannunsa, wadda murfin batirinta ya ɓace tun bara ya ɗaure wurin da salatif. Maman yara ta zuba masa shinkafa da wake, ya ci irin cin wanda bai karya ba tun safe. Da ya sunkuya zai wanke hannu sai wata farar ambulan ta faɗo daga aljihun rigarsa, ya yi sauri ya ɗauke ta, amma na riga na gani. Na tambaye shi mece ce wannan. Ya ce, “Kuɗin mota ne, Kawu, kowa an ba shi.” Na ce nawa ne, ya ce dubu biyar.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye masa ba. Na ce masa idan baki ya ci ido sai ya ji kunya, kuma wanda ya karɓi kuɗin mota daga hannun mutumin da ya je yi wa tambaya ya riga ya ajiye rabin tambayoyinsa a bakin ƙofa. Na tuna masa cewa a shekarar 1984, ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a kurkuku saboda rahoton da suka buga. Na tuna masa Dele Giwa na mujallar Newswatch, wanda aka aika wa bam a cikin ƙunshin wasiƙa har gidansa a Ikeja ranar 19 ga Oktoba 1986. Na kawo masa Norbert Zongo na Burkina Faso, wanda aka tsinci gawarsa a ƙone cikin mota ranar 13 ga Disamba 1998, a lokacin da yake bin diddigin mutuwar direban ƙanen shugaban ƙasa. Na ce masa waɗannan mutane sun biya da ’yancinsu da rayukansu domin irinsa su samu damar riƙe rikoda a gaban mai mulki, kuma sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ’yan jarida nauyin sa ido a kan gwamnati a madadin jama’a. Na daɗe ina magana, shi kuwa kansa na sunkuye yana juya cokali a cikin kwano.

Da na yi shiru sai ya ɗago ya ce in ba shi izini ya yi bayani. Ya ce wannan watan shi ne na biyar da ba a biya su albashi ba a gidan rediyon da yake aiki. Ya ce tun da kuɗin dizal ya tashi, kusan duk abin da ya shigo janareta ke cinyewa, har ta kai ana kashe tasha na wasu awoyi da rana. ’Yan kasuwa sun rage talla, abin da ya rage yana riƙe da gidan shi ne filayen da ’yan siyasa ke saye, inda sojojin baka ke shigowa da dare suna yabon uban gidansu suna zagin abokin hamayyarsa, sai kuma shirye-shiryen da hukumomin gwamnati ke ɗaukar nauyi. Ya ce makonni uku da suka wuce ya hau motar haya da kuɗin aljihunsa ya je wani ƙauye inda iska ta yaye rufin ɗakin shan magani tun daminar bara, ana karɓar haihuwa a ɗaki ɗaya da ya rage, ya ɗauko muryoyin mata da ta ma’aikaciyar wurin, ya haɗa rahoto na minti shida. Editansa ya saurara har ƙarshe, ya yaba masa, sannan ya ce a jinkirta tukuna, domin ƙaramar hukumar da abin ya shafa ita ce ke ɗaukar nauyin wani shiri na mako-mako, kuma cikin kuɗin nan ake sa ran biyan albashin wata guda. Babu ɗan sandan da ya zo, babu wanda ya buga waya ya yi barazana, rahoton dai yana nan kwance a cikin kwamfuta.

Sannan ya ce, “Kawu, don Allah kada ka ɗauka rashin kunya ce, amma yaushe rabonka da sayen jarida da kuɗinka?”

Ban iya ba shi amsa ba, domin ni kaina sai da na yi lissafi, na ga an fi shekara huɗu. Kullum da safe ina karanta labarai a waya, ina sauraron tashoshi uku ko huɗu kafin in fita, ina tura wa abokai rahoton da ya burge ni, ina kuma cikin masu saurin cewa ’yan jaridar yanzu sun zama ’yan amshin shata. A duk tsawon lokacin nan kuɗin da na kashe a kan labari na data ne kawai, wanda ke tafiya aljihun kamfanin waya, ko sisi bai kai ga yaron da ya hau mota ya je ƙauye ba. Laifi tudu ne, na taka nawa na tsaya ina hangen nasa.

Ban janye maganata a kan ambulan ba, har yanzu ina ganin karɓarta ɓarna ce, na kuma faɗa masa haka kafin ya tafi. Sai dai na fahimci cewa duk shekarun nan idan aka ce ’yancin ’yan jarida, hankalina yana tafiya ne ga soja da ɗan sanda da kurkuku kaɗai. Wannan ɓangaren gaskiya ne, bai kuma wuce ba. A watan Janairun 2019 sojoji sun shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri saboda wani rahoto a kan yaƙin Arewa maso Gabas. A watan Agustan 2022 hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan ’yan bindiga, matsalar da ta raba mutanen Zamfara da Katsina da gonakinsu. Ana kuma ta kama ’yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Amma a cikin wannan watan na Agustan 2022 hukumar ta NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin kuɗin lasisi da ya haura naira biliyan 2, kafin daga baya ta dakatar da matakin. Tashar da ake bin ta bashin lasisi, ma’aikatanta na bin ta bashin albashi, ba sai an aiko mata da motar ’yan sanda kafin ta san labarin da ya kamata ta kauce masa ba. Kamun ɗan jarida yana da ƙara, ƙungiyoyi su fitar da sanarwa, lauyoyi su je kotu. Rahoton da aka jinkirta saboda kuɗin dizal kuwa babu mai jin labarinsa, sai wanda ya haɗa shi da matan da suka yi magana suna jiran su ji muryarsu a rediyo.

Ina ganin mu Hausawa mun saba da labarin da wani ke biya mana. BBC ta fara watsa shirye-shiryen Hausa a 1957, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, kuma duk waɗannan shekarun batir kawai muke saye. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, hukuma ce ta kafa ta, ko da yake sunanta ya nuna cewa kakanninmu na ciro kwabonsu su biya. Gidajen rediyo masu zaman kansu sabon abu ne a wurinmu, sai bayan dokar 1992 aka buɗe ƙofar, kuma Kano ba ta samu Freedom Radio ba sai a 2003. To ga shi yanzu mun ga iyakar dogaro da na waje. A watan Maris na 2025 umarnin shugaban Amurka ya tsayar da aikin Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit ba tare da an tambayi mai sauraro ko ɗaya a Sakkwato ko Maraɗi ba. A Nijar sojojin da suka karɓi mulki sun dakatar da tashoshin Faransa na RFI da France 24 a Agustan 2023, sannan suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Abin da gwamnatin wata ƙasa ke biya za ta iya janye shi rana ɗaya, abin da ke shigowa daga waje kuma gwamnatin gida za ta iya toshe shi rana ɗaya. Wanda zai rage shi ne wakili na gida, irin wannan yaron mai rikodar salatif.

Shi ne ma ya ba ni labarin da aka faɗa musu a wani horo da suka halarta. A watan Fabrairun 2021 kotun ƙolin Malesiya ta ci jaridar intanet ta Malaysiakini tarar ringit 500,000 saboda sharhin da masu karatu suka rubuta a shafinta, kuma cikin ’yan awoyi masu karatun suka tara kuɗin suka biya. Ya faɗi labarin da wata irin murya mai sanyi, kamar mai ba da labarin wata duniya da ba zai taɓa gani ba. Na san talaucinmu ya fi nasu, na kuma san mutumin da ke neman kuɗin awo ba za a ce masa ya biya kuɗin labari ba. Amma ni ina karɓar albashi, haka abokan zamanmu na majalisa, kuma abin da muke kashewa a shayi da tsire cikin mako guda ya isa sayen jaridar wata.

Maman yara ta ce da ni bayan ya fita, “Malam, ka yi masa faɗa da yawa, yaron nan bai taɓa roƙonka komai ba.” Ban musa mata ba.

Bayan la’asar na tafi wurin mai jarida na bakin shataletale. Teburinsa ya ragu da rabi a kan yadda na san shi, ya danne jaridun da duwatsu saboda iska, mutum shida ko bakwai na tsaye a kansa suna karanta shafin farko suna gardama a kan siyasa, babu wanda ya sa hannu a aljihu. Ya gane ni nan take, muka gaisa, ya ce ya ɗauka na bar unguwar. Na sayi ta Turanci ɗaya da Aminiya ɗaya, na kuma ce ya riƙa ajiye mini duk mako. Ya ce da yawa daga cikin abin da ake kawo masa yanzu mayarwa yake yi da yamma. Na san jarida biyu ba za su biya albashin kowa ba, kuma na kasa gano hanyar da mai sauraro kamata zai sa kuɗinsa kai tsaye a ɗakin labarai na gidan rediyo ba tare da ya zama shi ma wani mai ɗaukar nauyi da za a ji kunyarsa ba. Gobe zan kawo maganar a majalisa, ko da yake ina jin tsoron za a mayar da ita gardamar jam’iyya kamar yadda aka saba.

Kafin ya tafi ɗazu na roƙe shi ya kunna mini rahoton ƙauyen, domin akwai kwafinsa a rikodar. Muka zauna a tabarma muna saurare. Akwai wata mata da ta ce ranar da ta haihu ruwa ake yi, sai da aka riƙe mata lema a cikin ɗakin, kuma ana jin kukan jaririn a bayanta yayin da take magana. A ƙarshen muryarta ta tambaye shi wace rana za a sa, domin ta gaya wa mijinta ya kunna rediyo. Ya kashe rikodar a daidai nan ya ce ya faɗa mata Juma’a, ga shi an yi Juma’a uku.

Na ba shi kuɗin mota na ce ya sake komawa wurin editan ranar Litinin. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ambulan ɗin kuwa ya mayar da ita aljihun rigarsa, na gan shi lokacin da yake yi, ban ce masa komai ba.