Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rigar da Aka Ɗinka Don a Cire Ta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya a inda na samu aiki a wani shagon gyaran sutura a Las Vegas, ina rage tsawon wanduna, ina matse rigunan amare.

Da watan Yuni ya kusa, sai kayan da ake kawo mana suka canza. Riguna masu nauyi, duk jiki duwatsu, safar hannu har gwiwar hannu, mafici na gashin jimina wanda ya kusa tsayina. Uwar ɗakina ta miƙo min wata jar riga ta ce in gyara gefenta. Na juya cikinta, na ga babu ɗinki a gefen ko kaɗan, maɓallai ne jere, ja ɗaya rigar ta rabu biyu. Tun ina yarinya nake kan keke, kullum burina kaya su zauna a jiki. Ranar na fara ganin ɗinkin da aka yi shi don ya sauka, kuma a daidai bugun gangar da mai rawa take so.

Mai rigar tsohuwa ce, ta haura tamanin, da sanda take tafiya. Na ce, "Mama, wannan ta jikarki ce?" Ta yi dariya har da tari, ta ce tata ce, kuma da ita za ta hau dandamali a taron shekara na masu wasan burlesk, wato rawar dandamali da mai rawa take cire kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ita ta zauna kusa da kekena tana ba ni labarin sana'arsu. Asali ba tuɓe kaya ne kan gaba ba, shaƙiyanci ne. A 1868 Lydia Thompson ta zo New York daga Ingila da tawagarta ta mata, suna shigar maza, suna kwaikwayon manya, suna yi wa wasannin attajirai ba'a. Daga baya abin ya zama haɗin gambiza: waƙa, rawa, barkwanci. Manyan 'yan barkwanci irin su Abbott da Costello a nan suka goge. Sai da sinima da rediyo suka fara janye 'yan kallo, masu gidajen wasa irin 'yan gidan Minsky suka ƙara jingina da cire kaya, har Gypsy Rose Lee ta yi suna, ita da surutunta ya fi abin da take cirewa yawa. Sally Rand kuwa, a baje kolin Chicago na 1933, da mafici biyu na gashin jimina ta tara jama'a, 'yan sanda suka kama ta, kamun ya ƙara mata kasuwa.

Abin da ya fi kama hankalina a matsayina na mai ɗinki shi ne yadda doka take yanka kaya. Kowane gari da iyakar abin da ya yarda a gani, don haka mai rawa takan yi tafiya da kaya kashi-kashi, na gari mai tsanani daban, na mai sassauci daban. A 1937 gwamnatin magajin garin New York, La Guardia, ta ƙi sabunta lasisin gidajen, har sunan wasan da na Minsky aka hana rubutawa a allon talla. Na tuna yadda ake rufe gidajen gala a wajenmu.

Sana'ar ta yi ta ja da baya har ta kusa mutuwa. Wata tsohuwar mai rawa, Jennie Lee, ta riƙa tara kayan abokan aikinta a wata tsohuwar gonar awaki a Helendale, cikin hamadar Kalifoniya. Da ta rasu a 1990, Dixie Evans ta riƙe wurin, ta ƙirƙiro gasa a 1991 don mutane su san da shi. 'Yan mata masu tasowa suka fara zuwa hamada neman waɗannan tsofaffi su koya musu tafiya da cire safar hannu. A 2006 aka kwaso tarin kayan da gasar zuwa Las Vegas, shi ya sa aikin yake faɗowa shagonmu.

Ni dai ba na kallon wasan, kuma ba zan ce ya kwanta min ba. Amma hannun da ya jera duwatsun rigar nan, tun kafin a haife ni, gwani ne, ko ɗaya bai karkace ba.

Da daddare na faɗa wa maigida irin kayan da nake gyarawa. Ya ajiye cokali, ya ce, "Maman Abba, kuɗin wannan aikin kin tambayi malamai a kansa?" Washegari kuma tsohuwar ta dawo da riguna uku, ta ce wa uwar ɗakina ni kaɗai take so in taɓa su.

Yadda muka ƙare da maigida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.