Doki ko Bishof: Abin da Na Koya a Gaban Allon Ces

Shekarun farko da na yi ina koyon wasan ces, tsoron doki ne ya yi mini jagora. Duk wanda ya fara wasan nan ya san wannan tsoro. Kana zaune kana ganin komai naka daidai, sai doki ya yi tsalle ya dira a wani gida, ya kama sarkinka da sarauniyarka lokaci guda. Dole ka janye sarki, sarauniya kuwa ta tafi ke nan. Da aka yi mini haka ya fi a ƙirga, sai na ɗauki wata ɗabi'a: da zarar an buɗe wasa, in nemi hanyar ba da bishof ɗina in cire dokin abokin karawa. Tun ranar farko an koya mana cewa kowannensu maki 3 ne, don haka a ganina ban yi asara ba, ƙaya ma na cire daga ƙafata.

Wani dattijo da nake zama gabansa ina ɗaukar darasi ya daɗe yana lura da ni. Ran nan ya ce, "Ɗana, me bishof ɗin nan ya yi maka kake rabuwa da shi da wuri haka?" Na ce, "Malam, ai darajarsu ɗaya da doki." Bai yi mini gardama ba. Ya kwashe komai daga kan allo, ya ajiye bishof a gidan d4 da ke tsakiyar allo (harafi yana nuna layin tsaye, lamba kuma layin kwance), ya ce in ƙirga gidajen da zai iya zuwa. Na samu 13. Ya cire shi ya sa doki a wurin, na samu 8. Ya mayar da su lungu, gidan a1: bishof yana da 7, doki 2 kacal. Sannan ya ce in kai dokin ɗaya lungun, h8. Sai da na yi motsi 6. Bishof kuwa motsi ɗaya ya isar da shi.

Daga ranar na fara ganin abin da nake zubarwa. Bishof ɗaya yana da nakasa, rabin allo kawai yake takawa, gidaje 32 masu launin da ya tashi a kai, har wasa ya ƙare. Amma in su biyu ne, wannan ya rufe aibin wancan. Bishof biyu da sarki suna iya ritsa sarkin da ya rage shi kaɗai har su kashe wasa. Doki biyu ba sa iya tilasta haka, sai dai in mai gudun ne ya yi kuskure. A 1999 Larry Kaufman na Amurka ya bi ɗimbin wasannin ƙwararru da kwamfuta, ya gano cewa doki ɗaya da bishof ɗaya kusan kunnen doki suke, amma wanda ya riƙe bishof biyu alhali abokin karawarsa ya rasa ɗaya, yana da ƙarin da ya kai rabin soja (soja shi ne mafi ƙanƙanta a allo, maki 1 ne). Ashe rabin sojan nan nake kyautarwa a kusan kowane wasa.

Wasan da ya fi shiga raina shi ne na huɗu tsakanin Bobby Fischer da Mark Taimanov a Bankuba ta Kanada, 1971, a karawar da Fischer ya cinye 6 da babu. A ƙarshen wasan Fischer yana da bishof, Taimanov yana da doki, ga sojoji a ɓangarorin allo biyu. Sojojin Taimanov na ɓangaren sarki sun tsaya a fararen gidaje, wato hanyar bishof ɗin Fischer, don haka dokin ya zama mai gadi, ba ya iya matsawa daga kare sojan g6. A nan na koyi wani sirri: bishof yana iya ɓata motsi, ya ɗan gusa a kan layinsa bai saki abin da yake hari ba. Doki ba ya iya wannan, domin kowane tsalle yana sauya masa launin gida, ya saki duk abin da yake riƙe da shi. Fischer ya yi ta juyawa har Taimanov ya rasa motsin da ba ɓarna ba. Sai ya ba da bishof ɗin a g6, sarkinsa ya shiga ɗaya ɓangaren yana kwasar sojoji, dokin kuma ya yi nisa, ya kasa dawowa a kan lokaci. Na maimaita wasan nan a allona ban san adadi ba.

Sai kuma na wuce gona da iri. Na koma riƙe bishof ko ta halin ƙaƙa, har wani wasa ya dawo da ni hanya. Ina da baƙaƙe. Sojojina suna d5 da e6, duka fararen gidaje, bishof ɗin da ya rage mini shi ma na fararen gidaje ne, yana d7 a bayansu. Abokin karawata ya kafa doki a d4, baƙin gida. Sojana na layin c ya riga ya tafi a musaya, na layin e kuma farin soja a e5 ya tare shi. Babu abin da zai kori dokin nan. Bishof ɗina ko shekara zai yi ba zai taɓa shi ba, sai kai da komo tsakanin d7 da e8 yana kallon bayan sojojinsa. Ba a ci mini komai ba na tsawon lokaci, amma numfashi ya gagare ni, har sarkin abokin karawata ya bi baƙaƙen gidaje ya shigo. Da na nuna wa Malam wasan, bai ko dubi bishof ɗin ba. Ya ɗora yatsa a kan sojojina biyu ya ce, "Su ne suka ɗaure shi, kai kuma ka sa su a nan."

Irin wannan doki ne Garry Kasparov ya dasa wa Anatoly Karpov a gidan d3 a wasa na 16 na gasar duniya a Mosko, 1985. Motsi 18 ya yi a wurin, ya hana hasumiyoyin Karpov, masu tafiya a miƙe, hawa layukan c da e, kuma sai da Karpov ya sadaukar da sarauniya kafin ya rabu da shi. Muhawarar ma tsohuwa ce: Wilhelm Steinitz yana fifita bishof biyu, Mikhail Chigorin na Rasha yana son dawakai, kuma a Hastings a 1895 dawakansa biyu sun doke bishof biyu na Emanuel Lasker, zakaran duniya na lokacin.

Wani abin da nake jin daɗin tunawa: tafiyar doki ba ta sauya ba tun asalin wasan a Indiya. Bishof kuwa giwa ne a wasan shaɗaranji na Larabawa da Farisawa, gida biyu kawai yake tsallakawa a karkace, mai rauni ƙwarai. Sai a ƙarshen ƙarni na 15 a Turai aka ba shi doguwar tafiyar da muka sani.

In aka matsa mini in zaɓa, bishof zan ɗauka, musamman in su biyu ne, domin yawancin wasanni suna buɗewa yayin da sojoji ke raguwa, kuma mai bishof ya fi samun damar yin musaya a lokacin da ya ga dama. Amma yanzu kafin in yi musayar, sojoji nake fara dubawa. Sun cuɗe sun toshe tsakiya, ko hanya a buɗe take? A ɓangare ɗaya suke ko biyu? A wane launi nawa suka tsaya? Akwai gidan da doki zai zauna soja bai kore shi ba? A wasana na baya-bayan nan na ba da bishof na ɗauki doki a c3 tun motsi na biyar, na bar wa abokin karawata sojoji biyu a jere a layi ɗaya, na rufe tsakiya, sannan na kai dokina a5 ya sa ido a kan sojan c4. Bishof ɗinsa biyu ba su samu hanyar fita ba har muka tashi.