Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Kusiri, garin da ke cika idan an yi harbi a tsallake

A kashin da ya gabata na tsaya ne inda kakana, mutumin ƙasar Haɗeja, ya ɗaura niyyar Hajji a ƙafa guzuri ya ƙare masa a hanya. Wasunku sun ce tun da nake ta ambaton Kusiri ban taɓa faɗin inda take ba. To bari mu ɗan ajiye labarin gida.

Kusiri tana can ƙuryar arewacin Kamaru, a bakin kogin Logon daidai inda yake haɗuwa da Shari. In ka tsaya a gaɓa kana hango Injamena, babban birnin Chadi. Baƙo yakan ɗauka wata unguwar Injamena ce da ruwa ya raba, kuma ba laifinsa ba ne, don mutane da yawa a wajenmu suke kwana, can suke neman abinci. Amma kada ka faɗi haka a gaban dattijon ƙabilar Kotoko. Garinsu ne, da ganuwarsa da sarkinsa, kuma sun ce daga mutanen Sao, mazauna yankin na dā, suka gaje shi, tun wurin da Injamena take yanzu bai zama birni ba.

Abin da ya sa sunan garin ya shiga littattafai shi ne Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransa uku suka haɗu a kansa a Kusiri. Ɗaya ta fito daga Aljeriya ta bi ta Agadas da Damagaram, ɗaya daga wajen kogin Kwara, ta uku ta hauro daga Kwango. Aka kashe Rabe aka sare kansa, shi ma Lami, kwamandan Faransawa, bai kwana ba. Da sunansa aka kafa bariki a tsallake, Fort-Lami, wanda sai a 1973 ya koma Injamena. Ita kuwa Kusiri Jamusawa ta faɗa wa a rabon ƙasa, har Faransawa suka ƙwace ta a 1914, suka sa mata Fort-Foureau. A takarda ke nan. Kakata har ta rasu ban ji ta kira garin da wannan suna ba.

Hanyar alhazan ƙafa ta nan ta bi: Kano, Maiduguri, Gamboru, Kusiri, a haye ruwa a nufi Abeshe da Sudan. Haka kakana ya tsaya wai ya yi ɗinkin shekara guda ya tara kuɗin mota, sai ga mata, sai ga 'ya'ya. Gidajen Hausawa da dama a garin asalinsu ke nan.

Lokacin da na yi wayo gari ne ɗan ƙarami. Ƙidayar 1976 ta ba shi mutum 12,000 da 'yan kai. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabcin Shuwa, a lakwal, wato makarantar boko, Faransanci, kuma mushe, malamin aji, ba ya yafe wa wanda ya kuskura ya yi yaren gida a aji. Babu gada. Ko kwalekwale, ko ka jira jirgin fito da ke ɗaukar motoci.

Sai watan Maris na 1980. Dakarun Gukuni Wedai da na Hisen Habre, masu jayayya kan mulkin Chadi, suka kaure da faɗa a tsakiyar Injamena, mu muna jin ƙarar manyan bindigogi daga tsakar gida. Mutane suka yi ta kwararowa, wani da katifa a ka, wata da goyo ba ko mayafi. Masu kwalekwale sun yi ciniki a kwanakin nan, wasu kuwa, Allah Ya saka musu, ko dala ba su karɓa ba. Dubun-dubata ne suka haye, har baƙi suka fi 'yan gari yawa nesa ba kusa ba.

Baba ya shigo da magariba da wata mata da 'ya'yanta, ya tsaya a bakin ɗakin Inna.

"Ga baƙi Allah Ya kawo mana. A gyara musu ɗakin yara."

"To Malam, su yaran fa?"

"Zaure yana nan."

Inna ba ta ƙara magana ba, ta ƙara ruwa a tukunyar miya. Matar ba ta jin Hausa, Larabcin Inna kuma na sayen kuɓewa ne kawai, don haka ni na zama tafinta. Daga bakina Inna ta ji cewa mijin matar ya fita sayen burodi ne bai dawo ba.

Faɗan ya lafa a watan Disamba, bayan sojojin Libiya sun shigo. Da yawa sun koma, amma da yawa sun ga nan ya fi kwanciyar hankali, suka sayi fili. Ƙidayar 1987 ta nuna mutum sama da 53,000, ta 2005 kuma kimanin 89,000. Gadar Ngeli da aka gina a 1985 ta ƙara janyo 'yan tireda da masu manyan motoci, da 'yan duwan, wato kwastan, da masu fasa-ƙwaurin da ke wasan ɓuya da su. Masu fito dai ta rage musu kasuwa. A Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka kutsa Injamena don kawar da Idris Debi, shugaban Chadi na lokacin, kan wannan gada mutane suka yi ta turereniya, mu kuma muka sake share zaure.

Baƙuwar Inna ba ta cikin waɗanda suka koma. Ta kama sayar da busasshen kifi a kasuwa, babban ɗanta kuma Baba ya zaunar da shi a kan keken ɗinki. Yadda wannan yaro ya zo ya nemi auren yayata, da rigimar da ta tashi da baffanninmu na Haɗeja suka ji labari, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.