Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ranar da muka bude littafin cefane

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya ne inda mijina Abban Ummi ya sayar da mashin dinsa bayan gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu wuraren a watan Yunin 2022, ya koma kasuwar Mile 12 wajen wani dan garinsu mai sana'ar albasa da tattasai. To yau maganar kudi ce, kuma nasan wasu zasu ce na tona asirin gida, wlh da izininsa nake rubutawa.

Yadda muke tun zuwana Agege, da asuba kafin ya fita zai ajiye min kudin cefane karkashin filo shikenan. Ban san nawa yake samu ba kuma bana tambaya, don ni haka na taso naga ana yi a gidanmu a Kano. Amma a can gidan na gado ne, ga rijiya a tsakar gida ga buhun gero da masara a jingine, kudin cefane na kayan miya ne kawai. Nan kuwa komai sai ka saya. Ruwa sai mai kura ya turo jarkoki, wuta sai an loda kati a mita, masu kwashe shara da kudinsu, masu gadin layi da nasu, ga gas, sannan ga uwa uba haya da lanlod ke karba ta shekara guda a dunkule, in kuma tashi kayi sabon wuri sai ka kara da kudin ejen (dillali) da agirimen (takardar yarjejeniya) da kosho (kudin ajiya ko da za ka yi barna) kafin ma a baka makulli. Daki ciki da falo ne fa a gidan fes mi ai fes yu (gidan haya mai dakuna suna kallon juna), bandaki daya mu da makwabta.

Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kudi, takardar naira tayi batan dabo, karkashin filo ya zama wayam. Dole ya fara turo min ta OPay, in je wajen dan POS ya yanki nasa kafin ya bani, wani lokacin ma yace babu. Muna cikin farfadowa sai ga 29 ga Mayu, Tinubu yace tallafin mai ya tafi, litar da ake sha kasa da 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki. Kudin danfo (bas din haya) daga Pen Cinema nan Agege zuwa Ketu kusa da Mile 12 ya tashi, motar da ke dauko albasa daga arewa ta kara kudi, ciniki ya ja baya. A cikin wannan halin Alhaja mai gidanmu ta kwankwasa kofa tana murmushi, tace min iyawo (amarya da Yarbanci), haya ta karu o.

Daren nan bayan yara sunyi barci na yago tsakiyar littafin Ummi na lissafi na dauko biro na zauna kusa dashi yana cin tuwo. Nace Abban Ummi dan Allah in ka gama ina son mu rubuta abinda ke shigowa da abinda ke fita. Ya tsame hannu daga kwano ya kalle ni, yace Maman Ummi tuhumata kike yi ne, ko na taba barinku da yunwa? Nace ko daya, haya nake tsoro, duk shekara sai wata ya kama kake fara zaga mutane kana rance kana ramewa, ni kuma ina kallo ba abinda zan iya. Yayi shiru har na zaci magana ta mutu, can sai yace rubuta.

Abinda ya bani mamaki ba cefane bane ke cin kudin. Kudin gida ne. Duk Juma'a yana turawa Inna, ga kanensa dake makaranta, ga suna ga biki ga wane ba lafiya, ga 'yan garinsu da zasu sauka Legas neman aiki su kwana falonmu aci dasu har su samu madafa. Ban ce uffan akan na Inna ba, uwa ce, kuma nima daga kudin zobo da kunun aya da nake kullawa ina turawa Umma ta, shima sai ranar ya sani. Muka kalli juna muka kwashe da dariya kasa kasa kar mu tashi yara. Abinda muka yi kawai shine muka yanke masa adadi a wata, in ya kare ya kare, wanda ya kira sai yaji hakuri sai wani watan.

Haya muka raba gida 12, shi kuma ya sake rabawa kwanakin kasuwa, ya shiga adashi da 'yan layinsu a Mile 12 (Yarbawa ajo suke ce masa) ya roki a sa kwasarsa daf da lokacin biya. Shinkafa da wake da gero muka daina awo da gwangwani, wani direba dake kawo musu kaya yake taho mana da rabin buhu daga Dawanau mu biya shi na mota.

Sai nawa kudin. Malamarmu ta islamiyya ta sha fada mana ci da sha da sutura da wurin kwana duk akan miji suke, abinda mace ta samu nata ne sai in taga dama. Naga dama, amma ban juye masa a hannu ba. Nace gas da ruwa da katin wuta ni na dauka, da sunansu, a rubuce. Don naga mata a gidan nan da suke zuba komai a tukunya daya, ranar da aka samu sabani miji yace me kika taba yi, ita kuma ba abin nunawa sai hawaye. Shima hakan yafi masa dadi, ba zai ji kamar mace ke ciyar dashi ba, tunda tuwon da yake ci har yau daga aljihunsa yake fitowa. Wutar ma ai firjina ke shanye rabinta da kankarar zobo.

Abu ya fara zama daidai, kwasar adashi saura kadan, har na fara tunanin dinkin sallah. Sai ga waya daga gida ranar wata Lahadi da daddare, naji yana ta to Inna, to Inna, insha Allahu Inna. Ya ajiye wayar yace an sa ranar auren Hadiza kanwarsa, kuma gado da katifa da kujeru an ce shi ne babban wa.

Yadda muka kwashe da wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.